Tambaya da Amsa: Gadon jini ne ko gadon dukiya a wasannin dangin Rogue?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Tawa, ina ajin ƙarshe na lise a ɓangaren kimiyya. Kwanan baya na buga wani wasa mai suna Rogue Legacy a kwamfutar yayana, wanda duk lokacin da jarumin ya mutu sai a kawo maka magada uku ka zaɓi ɗaya, wani ƙato, wani wada, wani kuma ba ya bambanta launi. Shin wannan ya dace da darasin gadon halitta da muke yi a aji? Kuma idan ina son in rubuta irin wannan wasa da kaina, ta ina zan faro?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wasan da ka buga yana da asali, kuma sanin asalin zai sauƙaƙa mana magana. A shekarar 1980 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kurus a Amurka, Michael Toy da Glenn Wichman, suka rubuta wasan Rogue, daga baya Ken Arnold ya haɗu da su. Babu zane a cikinsa, alamar @ ce jarumi, haruffa kuma su ne dodanni, kana sauka hawa bayan hawa cikin kogon ƙarƙashin ƙasa don ɗauko layar Yendor. Abu biyu ne suka bambanta shi da sauran wasanni: kwamfuta ce take tsara ɗakunan sabo a kowane shiga, sannan idan jarumi ya mutu ya tafi ke nan. Duk wasan da ya ɗauki waɗannan ɗabi'u ana lissafa shi cikin dangin Rogue, kamar NetHack na 1987.

Mutuwar da ba dawowa tana da ciwo ga mai wasa, shi ya sa Rogue Legacy, wanda kamfanin Cellar Door Games na Kanada ya fitar a 2013, ya zo da dabarar magaji. Amma ka lura da abin da magajin yake karɓa a zahiri. Zinariyar da uban ya tara ita ce ake kashewa wajen faɗaɗa gidan zuri'a da sayen sulke da makamai, kuma wannan ne yake ƙara ƙarfin na baya. Siffofin jiki kuwa ƙuri'a ce kawai kwamfuta take jefawa, ba ruwanta da yadda uban yake. Kalmarmu ta gado tana ɗauke da ma'ana biyu, to wannan wasa gadon dukiya ya gina, na jinin kuma suna ne kawai.

Ɗauki misalin rashin bambanta launi da ka ambata. A wasan, allon gaba ɗaya yana komawa fari da baƙi. A jikin ɗan Adam, nau'in da ya fi yawa shi ne rikita ja da kore, kuma ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da saƙon gado a jiki. Ɗa namiji yana karɓar X daga mahaifiyarsa, Y daga mahaifinsa, saboda haka ba ya gadon wannan lalura daga uba, ta tsatson uwa take zuwa masa, sau da yawa uwar kanta tana ganin launi lafiya lau.

Akwai wasu wasannin, irin su Caves of Qud da Dungeon Crawl Stone Soup, da suke barin jikin jarumi ya rikiɗa yana raye, ya tsiro fukafukai ko ƙaho ko ƙarin hannuwa. Suna da daɗin bugawa ƙwarai, sai dai tatsuniya ce. Sauyin ƙwayar gado na gaskiya kuskure ne da kan faru wajen kwafar saƙon halitta, yawancinsa ba ya sauya komai da ido zai gani, kuma wanda ya auku cikin ƙwan mace ko maniyyin namiji ne kaɗai yake ratsawa zuwa ga ƴaƴa.

Wasan da na ga ya girmama darasinku shi ne Niche, na Stray Fawn Studio da ke Zurik a Suwizalan, wanda ya fito cikakke a 2017. Shi a tsibirai ake yinsa maimakon kogo, kana kiwon wasu ƴan dabbobi masu gajeren rai. Kowace siffa tana da ƙwaya biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, akwai mai rinjaye akwai mai laɓewa, kuma dabbar da ta gaji ƙwayar garkuwar jiki iri ɗaya daga ɓangarorin biyu ta fi saurin kamuwa da cuta. Wannan ilimi makiyayanmu sun riƙe shi tun kafin a rubuta shi. Ka tsaya kusa da mai sayen bijimin Azawak a kasuwar Abalak ka ji tambayoyinsa: bayan ya duba tozo da ƙafafu, zai so sanin uwar bijimin da yawan nonon da take bayarwa, domin yana sayen abin da ke ɓoye cikin jinin ne, wanda sai a ƴaƴa mata zai bayyana.

Game da rubuta naka, ina ba ka shawara ka fara da takarda da kwabo kafin ka taɓa kwamfuta. Ƙirƙiri siffa ɗaya, a ce ganin duhu, ka mai da ita mai laɓewa. Rubuta babban G ga ido na kullum, ƙaramin g ga idon duhu, ka ba uwa da uba Gg kowanensu. Jefa kwabo sau ɗaya don uwa, sau ɗaya don uba, ka rubuta abin da ɗan ya samu, ka maimaita sau arba'in. Za ka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun fito gg, su ne masu gani cikin duhu, alhali iyayensu ba sa gani. Irin wannan lissafi Gregor Mendel ya samu a lambun gidan ibadarsu da ke Burno, a ƙasar Cek ta yau, inda ya ƙirga tsiron wake 705 masu fure shunayya da 224 masu farin fure, ya wallafa aikinsa a 1866. Abin da ka yi da kwabo layuka kaɗan ne a Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, wanda kyauta ne, kuma da zarar ka sauke shi ba ka buƙatar intanet.

Inda masu farawa suka fi kuskure shi ne su yi ƙwaya mai alheri zalla. Idan idon duhu ba shi da wata illa, cikin zuri'a uku ko huɗu kowa zai zama gg, zaɓi ya ƙare, wasan ya mutu. Ka sa masa farashi: mai idon duhu ya yi fice a hawa na ƙasa inda babu fitila, amma hasken wuta ya kashe masa ido a ɗakin dodo mai aman wuta. Halitta kanta haka take aiki, kuma mun san wannan a gidajenmu. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar amosanin jini guda ɗaya, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ne dalilin yaɗuwar ƙwayar a yankinmu, amma idan AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai SS, wato amosanin jini. Na kawo wannan ne don ka fahimci tsarin, amma ina roƙonka kada ka saka cutar da mutane suke fama da ita a matsayin abin nishaɗi, ka ƙirƙiri siffofin duniyar wasanka.

Ka kuma ɓoye wa mai wasa ƙwaya mai laɓewa, ya gano ta ta hanyar duba bishiyar zuri'a, domin a nan tunani yake shigowa. Kada ka bar abin da jarumi ya koya da takobi ya shiga jinin ɗansa, ka bar shi ya wuce ta kayan da ya bari ko littafin da ya rubuta. Fara da siffofi uku da hawa biyar, ka ba yayanka ya buga kana kallo ba tare da ka yi masa bayani ba, ka rubuta a wace zuri'a ya fara gane cewa akwai abin da iyaye suke ɗauke da shi a ɓoye.