Me Rubutun Da Ke Gefen Taya Yake Nufi?

Tambaya: Malam, ina so in canja tayoyin motata. A jikin tsohuwar na ga 205/55 R16 91V, ga kuma wani dogon layi da ya fara da DOT. Girman kawai zan duba, ko da sauran abin lura?

Amsa: Da saura, amma bari mu fara sallamar girman. 205 faɗin tayar ne da milimita. 55 kuwa kaso ne: tsayin gefen tayar kashi 55 cikin ɗari ne na faɗinta, kusan milimita 113 ke nan. R na nufin radiyal, irin saƙar da ke cikin kusan duk tayoyin ƙananan motoci a yau. 16 girman rim ne da inci. I, milimita da inci a layi ɗaya, haka aka gada.

91V shi ne wanda aka fi tsallakewa. 91 alamar nauyi ce, tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615. V kuma iyakar gudu ce, kilomita 240 a awa. H 210 ce, T 190. Kana iya sayen wadda ta fi abin da kamfanin motarka ya rubuta, amma kada ka yi ƙasa da shi, ko da girman ya zo daidai.

Ni dai in aka miƙo mini taya, DOT nake fara nema. Bar haruffan farko, ka je lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2019. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai ka juya ta. In ka ga lambobi uku, an yi ta kafin shekarar 2000, ka ajiye ta kawai. Dalili kuwa, roba na tsufa ko tana aiki ko tana jingine. Takan bushe, ta yi ƙananan tsaga, alhali zanenta na nan kamar sabo. Shi ya sa kamfanonin taya da dama ke cewa a riƙa duba ta duk shekara in ta wuce biyar, a cire ta in ta kai goma. Mai sayen ta hannu ya fi kowa bukatar sanin wannan, don ido na ganin zane, ba ya ganin shekaru.

Sai wani kuskure da ba ka tambaya ba. Lambar da ke kusa da MAX PRESS iyakar iskar da tayar za ta jure ce, ba ita za ka ce wa mai faci ya cika ba. Awon da ya dace da motarka yana kan 'yar takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, ko cikin littafin motar, kuma da sanyin taya ake auna shi, kafin ka yi tafiya.