Tambaya da Amsa: Shin tambarin Wells Fargo a jikin tsohuwar bindiga ya isa shaida?

Tambaya: Ina zaune a Amurka, kuma ina da sha'awar tara kayan tarihi. A wani gwanjo na ga tsohuwar bindiga mai baki biyu wadda aka buga wa tambarin tsohon kamfanin jigilar nan na Wells Fargo, mai sayarwa kuma ya ce irinta ce 'yan rakiyar kamfanin suke riƙewa a zamanin keken doki. Kuɗin da ya sa mata ya ninka na 'yan'uwanta marasa tambari. Ta yaya zan gane ko ta gaske ce?

Amsa: Malam, tambarin nan shi kaɗai ba shaida ba ne, kuma duk wanda ya biya kuɗi saboda shi kawai ya yi cinikin biri a sama. Masana wannan fanni sun daɗe da yin ittifaƙi cewa akasarin bindigogin da ke yawo a kasuwa da sunan Wells Fargo jabu ne, wato bindigar tsohuwa ce da gaske, amma rubutun daga baya wani ya buga shi domin ya ɗaga mata farashi.

Henry Wells da William Fargo sun kafa kamfanin a 1852, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa Kalifoniya neman zinariya. Aikinsa shi ne ɗaukar zinariya da kuɗi da wasiƙu daga garuruwan haƙar ma'adinai, a cikin wani koren akwati na katako mai ɗaurin ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin kujerar mai tuƙa keken doki. Idan dukiyar tana da yawa, sai a zaunar da ɗan rakiya kusa da matuƙin, bindiga a kan cinyarsa. Ba don ado ake yin hakan ba, domin rahoton da babban mai binciken kamfanin, James Hume, ya fitar tare da abokin aikinsa John Thacker ya nuna an yi wa kekunan da ke ɗauke da kayansu fashi sau 313 tsakanin 1870 da 1884. An fi son gajeriyar bindiga mai baki biyu mai watsa harsashi, saboda mutumin da ke zaune a saman keke yana jijjiga a kan duwatsu ba shi da damar yin saiti a tsanake.

A nan ne matsalar mai saye take farawa. A wancan zamani kamfanin ba shi da wani samfuri guda da yake raba wa ma'aikata. Wakilansa na garuruwa sukan sayi abin da suka samu a shagon da ke kusa, wasu 'yan rakiyar kuma da tasu suke zuwa, saboda haka bindigar da ta sha ƙurar hanya da gaske sau da yawa ba ta da wani rubutu ko kaɗan. Saye da yawa kai tsaye daga masana'anta, tare da buga alamar mallaka, ya fi ƙarfi ne daga baya, a zamanin jirgin ƙasa. Sanannen misali shi ne bindigogin kamfanin Ithaca da aka saya a farkon ƙarni na 20, waɗanda masu gadin taragon kaya suka riƙe. Don haka bindigar da ke da tambari na gaskiya ta fi kusa da zama ta jirgin ƙasa fiye da ta keken doki, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi wa labarin mai sayarwar nan tambayoyi.

Abu na farko da za ka duba shi ne lambar ƙira, domin ita ce ke nuna shekarar da bindigar ta fito daga masana'anta. A 1918, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Amurka ta haɗe manyan kamfanonin jigila wuri guda a ƙarƙashin American Railway Express, daga nan Wells Fargo ya daina wannan aiki a cikin ƙasar. Duk bindigar da aka ƙera bayan wannan shekara, komai kyan tambarinta, to magana ta ƙare. Bayan haka sai ka sa madubin ƙara girma a kan rubutun. Alamar da aka fi sani ita ce W.F. & Co. Ex., galibi tare da lamba. Rubutun da ya shekara ɗari yana tsufa tare da ƙarfen da ke kewaye da shi, gefen haruffa ya suɗe, cikinsu ya yi duhu iri ɗaya da sauran jikin. Idan ka ga ƙarfen ya ci tsatsa amma haruffan suna da kaifi, ko kuma an rubuta a saman ramukan tsatsar, to hannun ɗan zamani ne. Ni kuma nakan ƙara yin shakka idan na ga an cika bindiga da sunan kamfanin a wurare da yawa, har da faranti na tagulla da aka kafa a gindinta, domin kamfanin alamar kaya yake bugawa, ba talla ba. Duba bakinta ma yana da amfani, saboda masu jabu sukan sayi doguwar bindigar farauta mai arha, su datse ta da zarto, su bar kaifin yanka yana ƙyalli.

Ƙananan bindigogin hannu ma ba su tsira ba. Wells Fargo ya sayi samfurin Schofield na masana'antar Smith & Wesson bayan sojojin Amurka sun sallame su, dillalai suka rage tsawon bakinsu daga inci 7 zuwa inci 5, kuma waɗannan suna da daraja sosai, shi ya sa ake yawan kwaikwayon tambarinsu. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar bindigar masana'antar Colt ta samfurin 1849 da masu tarawa ke kira Wells Fargo, alhali laƙabi ne kawai, ba a samu takardar da ta nuna kamfanin ya saye su ba.

Abin da ke raba gardama shi ne takarda. Kamfanin Colt yana da ma'ajiyar bayanai da ke ba da wasiƙar da ta faɗi ranar da aka fitar da bindiga da wanda aka aika wa, gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming kuma yana riƙe da tsofaffin littattafan masana'antu irin su Winchester da Marlin da Ithaca. Ka nemi mai sayarwa ya kawo irin wannan wasiƙa mai lamba daidai da ta jikin bindigar, ko ya amince a rubuce cewa zai mayar maka da kuɗinka idan gwani mai zaman kansa ya ce jabu ce. Idan ya ƙi duka biyun, ka taya ta a farashin tsohuwar bindigar farauta kawai.

Idan Allah ya sa ka same ta, kada ka goge ta har ta yi ƙyalli, domin wannan duhun tsufa yana cikin darajarta, mai kaɗan da ƙyalle mai laushi sun wadatar. Kada kuma ka sa mata harsashin zamani, saboda da yawa daga cikinsu an ƙera bakinsu ne da murɗaɗɗen ƙarfe domin baƙin albarushi, kuma suna iya fashewa a hannu. Dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, amma ta Ithaca ta bayan 1900 ba ta shiga wannan sassauci ba, jihohi kuma suna da nasu ƙa'idojin da ya kamata ka bincika kafin ka biya.