Bin Sawun Kakanka

Ɗana, saƙonka ya same ni tun Laraba, na jinkirta ne don tambayar ba ta amsuwa a tsaye. Ka ce a Abuja kana ganin magidanta suna fita da 'ya'yansu hawan dutse ranar Asabar, shi ne kake so ka ji ko mu ma muna da wannan al'ada, ko kuwa rashin mota ne ya sa kakanka yake jan mu a ƙasa cikin daji.

Mun yi ta, sai dai ba mu sa mata suna ba. Da za ka ce wa kakanka, Allah Ya jiƙansa, zo mu shiga daji mu sha iska, kallon mai taɓin hankali zai yi maka. Dattijo ba ya fita sai da dalili: duba gona, saro icen rufin rumbu, neman saiwar magani, cin kasuwar ƙauye. Amma sai da na girma na lura cewa rabin waɗannan dalilai bai buƙaci yaro ba. Me ɗan shekara takwas zai tsinana wajen saran icce? Duk da haka kullum sai ya ce, "Kai, ɗauko gorar nan."

Fitar da ba na mantawa ita ce ta Dutsen Kwatarkwashi, wanda kake wucewa in ka bar Gusau za ka Tsafe. Lokacin ko Jihar Sakkwato ba a yi ba, balle Zamfara da ta zo a 1996. Mun tashi bayan asuba, shi a gaba da sanda da gatari a kafaɗa, ni a baya da gora da ƙullin ƙuli-ƙuli. Yaro ba ya jerawa da uba, kuma ba girmamawa kaɗai ba ce: na gaba shi ke kakkaɓe raɓa, shi ke fara arba da maciji. Inda ya ɗaga ƙafa nan nake sa tawa. Da muka kama hawa, dutsen ya yi santsi, sai ya ce in tuɓe takalmi in rataya a wuya. Na yi rabi na zauna ina kukan ƙafa. Bai lallashe ni ba, bai kuma tsawata ba. Ya zauna nesa kaɗan, ya ciro goro ya ɓare, yana kallon maiki na shawagi, sai ka ce ba tare muke ba. Da kaina na gaji da kukan na miƙe. A can sama ya nuna mini garin a ƙasa, gidaje kamar an kifa ƙore, mutane kamar tururuwa. Ranar na fara sanin cewa duniya ta wuce zaurenmu.

Ba mai yawan magana ba ne, koyarwarsa da bakin sanda take. Ya taɓa icce ya ce kanya, ya taɓa wani ya ce marke, washegari ya tambaye ka. Wurinsa na ji cewa gawo yakan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka gero ke kyau a gindinsa, ba a kuma sare shi a gona. Ya nuna mini sawun zomo da na gafiya, da ramin da damo ke ciki da wanda aka bari. In shamuwa ta sauka, a fiddo iri. Abin da ka san sunansa ba ka wuce shi kamar baƙo, a nan ƙaunar take shiga. Shi ya sa farin 1973 ya yi mini ciwo biyu: ga yunwa, ga itatuwan da na sani ɗaya-ɗaya suna bushewa a tsaye.

Kada ka ɗauka ta maza ce kaɗai. Mahaifiyarka ta bi kakarku tsintar kaɗanya tun duku-duku, har gobe ta fi ni sanin ganyen miya. Tambaye ta, za ka sha labari.

Yanzu kuwa sai haƙuri. Ka san halin da dajinmu ke ciki. Gonar da muke zuwa da ƙafa ta gagari mutane saboda 'yan bindiga, ni kaina na manta rabona da gindin dutsen nan. Ban yarda ka kawo mini jika da sunan raya al'ada ba. Ku nemi inda ke da aminci a can wurinku, ku fita da sassafe. Ka sa wayar nan a aljihu. Kada ka goya shi da ya ce wash, kada kuma ka cika shi da wa'azi, don na san halinka da dogon bayani. Itatuwan da ba ka sani ba, ka ɗauko hotonsu ka turo mini, in dai irin namu ne zan faɗa maka sunansu. Gorar ruwan kuma shi zai riƙe, ko da rabi zai zubar a hanya.

Ka gaida maiɗakinka da yaran.