Amsa kan manhajar da ake cire wa kuɗi sau biyu a wata

Malam, ka ce manhajar da kake zana katin biki da ita tana cire maka kuɗi sau biyu duk wata daga katin Visa ɗaya, kuma kana da imel uku, ba ka san wanne ke ɗauke da rajistar ba. Na daɗe ina aiki da irin waɗannan manhajoji a shagon buga takardu a nan Garwa, kuma abin da na lura da shi shi ne kamfani adireshin imel yake ganewa, ba fuskar mai shi ba. Idan ka yi rajista da adireshi ɗaya a kwamfuta, sannan a waya ka shiga ta Google da wani adireshin, to a wurinsu mutum biyu ne suke biya. Ɗigo ma kaɗai yana jawo haka, domin Gmail ba ya kula da ɗigon da ke cikin suna, amma kamfanoni da dama suna ɗaukarsa sabon adireshi.

Don Allah kada ka soke komai tukuna. Karɓo takardar shige da ficen kuɗin katin daga banki, ka rubuta ranar kowane cirewa, sannan ka nemo rasit a kowane imel har ka gane wane cirewa ne na wane adireshi. Kada bambancin adadin sefar da aka cire ya ruɗe ka idan da dala ake cajin ka, tunda Yuro ne ke da tsayayyen farashi, kusan sefa 656, dala kuwa hawa da sauka take yi.

Bayan ka kwashe zanenka daga asusun da za ka bari, sai ka soke rajistar a inda aka saye ta. Wadda aka saya ta Google Play a can ake soke ta, da imel ɗin da ya saye ta, kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirewa. Google kan duba buƙatar mayar da kuɗi a cikin awa 48 da saye, bayan haka kuwa sai ka rubuta wa kamfanin manhajar, ka haɗa rasit ɗin biyu da lambobi huɗu na ƙarshen katin kawai.

Ban so ka fara da kai ƙara banki ba, domin idan banki ya janye kuɗin da ƙarfi kamfani kan rufe asusun, aikin kwastomominka ya maƙale a ciki. Ka kuma duba ko ɗaya daga cikin rajistar ta shekara ce da ake biya wata-wata, saboda wasu kamfanoni suna cin tarar wanda ya soke irinta kafin wa'adi, don haka in da hali wadda ba ta shekara ba za ka soke.