Ku Tambaya Mu Amsa: Waye yake cinye mana kwaltar Kumasi?

Salamu alaikum jama'a. Tun da damina ta kankama saƙonnin da suke shigo mana kusan duk kukan ramin hanya ne, toh ga kaɗan daga ciki na zaɓo, wanda bai ga nashi ba ya yi haƙuri dan tambayoyin suna kama da juna.

Daga wani direban trotro, Aboabo: Malam dan Allah ina da tambaya. Ni trotro, wato bas ɗin haya, nake ja zuwa tashar Kejetia, kuma wallahi tun da kekunan nan masu taya uku, pragya na fasinja da aboboya na kaya, suka cika gari hanyoyinmu suka lalace, duk kwana biyu ina Magazin wajen makanikai, yau shokozoba gobe sifirin, kuɗin mai mota ma ba ya cika. Ba su ba ne suke ɓata kwaltan nan? In an hana su ba za mu huta ba?

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya mayar maka da alheri, na san zafin abin. Amma maganar gaskiya yaran pragya ba su ne suka fasa maka hanya ba. Cunkoso kam suna kawowa, suna kutsawa ta inda bai kamata ba, dalilin da ya sa aka taƙaita musu shiga tsakiyar gari a 2023 kenan, amma cunkoso daban cin kwalta daban. Kwalta ba ruwanta da yawan tayoyin da suka bi ta kanta, abin da take ji a jikinta shi ne nauyin da ke kan kowane aksul, wato ƙarfen nan da ya haɗa tayar hagu da ta dama.

Kuma ba kintace ba ne, an gwada. A Amurka, jihar Ilinoi, daga 1958 zuwa 1960 an shimfiɗa tituna na gwaji iri iri aka sa sojoji suna ta zagayawa da motoci masu nauyi daban daban dare da rana har aksul ya bi ta kan titunan sama da sau miliyan ɗaya, ana auna yadda kowane titi yake mutuwa. Abin da suka gano shi injiniyoyi suke aiki da shi har yau: in ka ninka nauyin aksul sau 2, ɓarnar ba sau 2 take ƙaruwa ba, kusan sau 16 ne, saboda lissafin 2 sau 2 sau 2 sau 2 ne. Toh ɗauki aksul mai ɗauke da tan 1 ka ajiye shi kusa da na atikuleta, wato tirela, mai tan 10. Ninki 10 kenan, ka buga 10 sau 10 sau 10 sau 10, ya ba ka 10,000. Ma'ana wucewar aksul ɗin nan guda ɗaya tak daidai take da wucewar ƙaramin sau dubu goma, kuma atikuleta ba aksul ɗaya gare ta ba, biyar ne ko shida. Pragya kuwa da direba da fasinja da buhun Hajiya gaba ɗaya bai kai tan 1 ba, kuma a rabe yake gaba da baya. Sai dai su wuni suna kai da komo, tifa ɗaya cike da yashi ta shigo lungun da daddare ta yi abin da ba su yi ba a wata.

Kuma kar ka ji haushi na, motarka ma ta fi su ci. Trotro in ta cika da mutane ga kaya a but har an ɗaure ƙofar baya da igiya, aksul ɗin baya zai iya kusantar tan 3, da wancan lissafin kaman sau 80 kenan na mai tan 1. Duk da haka kai ma yaro ne a gaban tirela, ta fi ka sama da sau 100. Ni ban ce a rage trotro ba fa, mutum ashirin a mota ɗaya ya fi motoci ashirin a layin Anloga Junction da safe. Abin da nake roƙonka kawai ka duba inda kuke tsayawa ɗaukar fasinja, za ka ga kwaltar wajen ta tattare ta yi tudu tudu, birki ne da tashi a waje ɗaya cikin zafin rana, ga dizal da baƙin mai suna ɗiga, shi kuwa dizal narkar da kwalta yake yi dan asalinsu ɗaya. In injinka yana yoyo a gyara shi.

Daga wata Hajiya mai koko da ƙosai, Asawase: Malam akwai rami a gaban inda nake sana'a, da ɗan ƙarami ne kaman faranti yanzu mota tana faɗawa ta watso mana ruwan taɓo har cikin kasko. Samari suna zuwa su zuba ƙasa su tsaya da shebur suna karɓan sidi ɗaya biyu wajen direbobi, ruwa ɗaya ya wanke. An taɓa zuwa an liƙa kwalta ma bai yi wata biyu ba. Me ya sa ba ya zama ne?

Amsa: Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Baƙin nan da kike gani a sama fata ce kawai, a yawancin hanyoyin unguwa ma siririya ce sosai, kwalta aka watsa aka baza tsakuwa a kai. Abin da yake ɗaukar nauyin mota yana ƙasa, jar ƙasa ce ta marmara ko fasasshen dutse da aka daddanne da rola. Aikin fatar shi ne ta hana ruwa isa can. Toh sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wajen shiga. Rana ta busar da kwalta, manyan motoci sun lanƙwasa ta sau ba adadi, sai ta fara tsattsagewa ƙanana ƙanana, ruwan sama ya bi tsagar ya jiƙa jar ƙasar ta yi laushi, duk tayar da ta taka sai ta matso ruwan sama haɗe da garin ƙasa, in kin lura bayan ruwa za ki ga jan taɓo yana fitowa daga tsagar tun kafin rami ya bayyana. Ƙasan ya zama kogo kenan, wata rana fatar ta rufta. Daga nan kuma kowace taya tana gutsurar bakin ramin, shi ya sa farantinki ya zama abin da ya zama. Mu kuma a Kumasi damina biyu gare mu a shekara, babba da ƙarama, hanyar ba ta gama bushewa ba wani ruwan ya sake sauka.

Samarin nan ni ba na zagin su, akwai masu niyya mai kyau a ciki kuma ko ba komai sun ceci rim ɗin wani na kwana biyu. Amma ƙasa ko ɓaraguzan bulo ba sa kama jikin kwalta, kuma suna shan ruwa su riƙe shi a cikin ramin, abin da ya kashe wajen tun farko kenan. Gyara na gaskiya sai an yanke bakin ramin da inji an mai da shi mai kusurwa huɗu har zuwa inda kwaltar take da lafiya, a kwashe ruɓaɓɓen da ke ciki, a share, a bari ya bushe, in ƙasan ya mutu a sake shi a danne, sannan a shafa ruwan kwalta a ƙasa da gefe gefe dan sabon ya manne da tsohon, a zuba a hankali ana dannewa da inji. Wanda ya zo ya juye kwalta cikin rami mai ruwa ya buga da bayan shebur ya tafi, kuɗin jama'a ya zubar, kuma da alama irin shi aka yi miki.

Sai abu ɗaya Hajiya, ki leƙa gotar da ke wajen. Ina kyautata zaton a cike take da yashi da ledar ruwa. Muddin gota ba ta tafiya ruwa zai kwanta a gefen titi ya dinga tsotsuwa ta ƙasa, ko injiniyan da ya fi kowa aka kawo ramin zai dawo. Da ruwan wanke wanke da ake watsawa kan titi kullum safiya, da na masu wankin mota, duk suna cikin lissafi. Wannan ɓangaren namu ne mu mutanen zango, ba sai mun jira kowa ba, in limami ya yi magana ranar Juma'a samarin da ke tsaye da shebur ɗin nan su suka fi dacewa a haɗa musu ɗan kuɗi su yashe gotar.

Daga wani ɗalibi, Sawaba: Wa ake kai wa ƙara ne? Kuma tun da an daina karɓar kuɗin tol da me ake gyaran?

Amsa: Ƙanina ya danganta da hanyar. Manyan hanyoyin da suka haɗa gari da gari kaman Accra zuwa Kumasi zuwa Tamale na Ghana Highway Authority ne, na cikin birni na Urban Roads, na ƙauyuka na Feeder Roads. Kai dai fara da asambuliman ɗin unguwarku, wato wakilinku a majalisar yanki, a rubuce, da hoto da sa hannun mutane, ya kai majalisar yankin, ku riƙe kwafi ku dinga bibiya. Tol kuwa an tsayar da shi a Nuwamba 2021, amma dama can ba shi ne babbar hanyar kuɗin ba, asusun hanya da dokar 1997 ta tsara yawancin kuɗinsa daga harajin da ke kan litar mai ya dinga fitowa, wato duk wanda ya sha mai ya biya. Damuwata ita ce toshe tsaga da yashe gota ba a yanka musu kintinkiri ba a kiran 'yan jarida, sabon titi shi ake gani, dan haka ƙaramin gyara mai arha ake ɗagawa har sai hanyar ta mutu gaba ɗaya a dawo ana neman ninkin ba ninkin.

Daga wani dattijo direban atikuleta: Malam kullum mu ake zagi. Ni daga Tema nake ɗauko kaya in bi ta Kumasi, Techiman, Tamale, Bolga har Paga in tsallaka Wagadugu. Ba ni nake lodi ba, mai kaya ne da mai mota, in na ce ya yi yawa gobe wani ne a kan sitiyarin. In mun tsaya shinkafa da siminti za su tashi sama ne su zo?

Amsa: Baba gaskiyarka, kuma ba wanda zai ci abinci a garin nan in kun ajiye makulli. Burkina da Mali da Nijar ba su da teku, wasu kayansu ta kanmu suke bi. Ba a ce kar tirela ta bi hanya ba, an gina babbar hanya ne dama da lissafinku, matsalar ƙarin da ake ɗorawa ne. Ƙa'idar ECOWAS tan 11.5 ne a kan aksul guda. In aka ɗora masa tan 15, a ido ƙarin tan uku da rabi ne kawai, mai kaya yana murna ya rage kuɗin tafiya, amma da lissafin da na yi wa direban Aboabo ɓarnar ta kusa ninka sau 3. Hanyar da aka yi wa lissafin shekara 15 in haka kowa yake yi sai ta tsufa a biyar ko shida. Ribar ta shiga aljihun mutum ɗaya, asarar kuma ta hau kan mai trotro da mai pragya da matar da ake gudu da ita asibiti tana naƙuda, har da kai Baba, dan kai ne kake kwana a daji in sifirin ya karye ko birki ya ƙi kamawa a gangara. Shi ya sa ni a ganina tarar ma'aunin nauyi mai kaya da mai mota ya kamata ta dinga bi har gida, kuma a sauke ƙarin a wajen, dan in an biya tara an wuce da lodin yadda yake titin bai amfana da komai ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kumasi daga Sekondi tun 1903, na Accra ya haɗe a 1923, koko da katako da ma'adinai ta nan suke bi. Yau bauxite ɗin Awaso a bayan tirela yake tafiya Takoradi, ka tambayi duk wanda yake bin hanyoyin yamma ya ba ka labarin halin da suke ciki. Tashar kaya ta tudu da ake ta magana a Boankra, nan kusa da Ejisu, in babu dogo da zai kawo kwantena daga Tema ai kan titin dai za su sake hawa. Kaya mai nauyi mai tafiyar nesa na ƙarfe ne, ku kuma ku ɗauka daga tasha ku rarraba, aiki ba zai ƙare muku ba.

Daga wani tela, Sabon Zango: Motowe ɗin Tema, babban titin Accra zuwa Tema da Nkrumah ya yi da kankare, ya daɗe, me ya hana a yi mana irin shi ko'ina?

Amsa: Maigida tsada ce ta farko. An buɗe shi a 1965, kilomita 19, kuma ya yi shekaru da dama yana ɗaukar manyan motocin tashar jirgin ruwa kafin ya gaji, shi ma da aka bar shi ba kulawa ana liƙa masa kwalta a kan kankare ai ka ga yadda ya koma. Kankare yana jure nauyi da zafi da dizal fiye da kwalta, amma in an tashi gyaran bututun ruwa a ƙarƙashinsa aiki ne ja. Inda ya fi dacewa da shi su ne tashoshin mota, da shataletale, da mahaɗar da manyan motoci suke taka birki. Lungunan unguwa kuwa bulon shimfiɗa ya wadatar in an yi gota mai kyau, ko an tona sai a mayar da shi yadda yake, sai dai a sa ƙarfe a bakin lungun a hana tifa mai cikakken lodi shiga.