Tambayoyinku: Me ya sa PHP ke fitowa ɗanye a burauza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina koyon PHP. Na rubuta shafin shiga na aikin makaranta, amma da na buɗe shi sai ga rubutun da na yi da hannuna ya bazu a allo, har da alamomin dala. Ko Chrome ɗina ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Chrome lafiyarsa ƙalau. Burauza ba ta jin PHP ko kaɗan, HTML da CSS da JavaScript kawai ta iya. PHP a uwar garke (server, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin) ake dafa shi, sannan a miƙo wa burauza HTML dafaffe. In ka ga ɗanyen rubutu, to fayil ɗinka bai bi ta tukunya ba.

Fara duba adireshin da ke sama. In ya fara da file:///C:/, danna fayil ɗin ka yi sau biyu kamar hoto, babu uwar garken da ta taɓa shi. Kai shi cikin wata folda mai suna aiki a C:\xampp\htdocs, ka kunna Apache (manhajar uwar garke) a XAMPP, kunshin da ke mai da kwamfutarka uwar garke, har sunansa ya yi kore, sannan ka rubuta localhost/aiki/index.php da kanka.

In ba nan matsalar take ba, duba wutsiyar sunan fayil ɗin. Windows na ɓoye ta, shi kuma Notepad kan maƙala .txt a ƙarshe, sai ka zauna da index.php.txt ba ka sani ba. Wasu kuma a .html suke ajiyewa. Wannan na da alamarsa: rabin rubutun ne ke fitowa. Burauza na haɗiye komai daga <?php har zuwa alamar > ta farko, saboda haka in ka rubuta $conn->query, daga "query" ɗin nan za ta fara tona asiri. Danna Ctrl+U za ka ga sauran.

Sai kuma masu kwafo tsofaffin darussa da ke buɗewa da <? kawai. Kada ka wahalar da kanka da kunna short_open_tag, saitin da sai da shi PHP ke gane wannan gajeriyar alamar, rubuta <?php cikakke ka huta.

Tambaya: Malam, shafin shagona na WordPress ne a kan Apache. An ɗaga mana Ubuntu daga 22.04 zuwa 24.04, yanzu duk wanda ya shiga sai wani fayil ya sauko masa a waya.

Amsa: Hajiya, naki ya fi na ɗalibin nan gaggawa. Uwar garken da ta daina sarrafa PHP tana iya miƙa wa kowa wp-config.php yadda yake, kuma a ciki sunan rumbun bayananki da kalmar sirrinsa suke. A rufe shafin tukuna, a canza kalmar sirrin, har da maɓallan tsaron da ke cikin fayil ɗin. Gyara ya biyo baya.

Abin da ya faru kuwa, Ubuntu (tsarin da uwar garkenki ke gudana a kai) 22.04 da PHP 8.1 take zuwa, 24.04 kuma da 8.3. Wajen ɗagawar an sauke tsohon, ba a ɗaura wa Apache sabon ba. Ki sa mai kula miki da shafin ya buga waɗannan:

sudo apt install libapache2-mod-php php-mysql
sudo a2enmod php8.3
sudo systemctl restart apache2

Masu amfani da Nginx a madadin Apache kuwa tasu daban ce. Shi ba ya sarrafa PHP da kansa, sai ya tura wa wata manhaja daban mai suna PHP-FPM, don haka su duba fayil ɗin saitin Nginx ko layin fastcgi_pass har yanzu php8.1-fpm.sock yake nunawa.

Bayan gyara a gwada da ɗan fayil mai ɗauke da <?php phpinfo(); kaɗai. In teburin bayanai ya fito, a goge fayil ɗin nan take, domin yana fallasa tsarin uwar garken gaba ɗaya. In kuma wayarki ta ci gaba da sauke fayil, tsohuwar amsa ce burauza ta riƙe. Ki share ma'ajiyarta ki sake shiga.