Sai an sha wuya ake iya waƙa?

Tambaya: Malam, ina rubuta waƙa, amma abokaina sun ce ba za ta taɓa ratsa jiki ba tunda ban san wahala ba. Iyayena na raye, ban taɓa kwana da yunwa ba. Shin sai wanda ya sha wuya ke zama mawaƙi? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Rayuwa takan bar tabonta a waƙa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi, ta ga mutuwar 'yan'uwa, daga baya ta yi marsiyyoyi da dama, ciki har da ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Alhaji Umaru Salaga kuwa ya ga yaƙin basasar garin Salaga na 1892, ya koma garin Kete-Krachi, duka a ƙasar Ghana ta yau, ya kuma yi waƙa a kan talauci da wadata. Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana ƙarami, da ka yake tsara baitocinsa, wasu su rubuta.

Sai dai mutum nawa suka ga yaƙin Salaga? Dubbai. Umaru ya fita daban ne saboda ya yi karatu, ya san aruli, wato ilmin awon karin waƙa. Asma'u ma a gidan ilmi ta tashi, tana waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Makantar Namangi ba ita ta ba shi fasaha ba, amma a ganinmu ta sa ya dogara da kunne, kuma kunne shi ne alƙalin karin waƙa.

Wanda ya rubuta waƙa yana cikin zafin rashi yakan faɗa ramuka uku. Kalmomin gama-gari irin su "baƙin ciki" da "hawaye" sukan cika baitin, alhali ba su nuna wa mai sauraro komai ba. Kari yakan karye, domin yana son ya zuba duk abin da ke ransa a ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na baiti, gaɓoɓi su yi yawa. Sannan yakan tilasta amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen ɗango, ya liƙa wa kalma wasalin da ba nata ba don kawai ta dace. Wannan na ƙarshe ya yi yawa a waƙoƙin ta'aziyya da ake turawa a Facebook, kuma yana ɓata ma'ana.

Ga abin yi. Zaɓi abu guda da ka sani da idonka: layin mai, jiran sakamakon jarrabawa, jinyar kaka. Rubuta shi da zube tukuna, da sunayen abubuwa, kamar kwanon da aka daina amfani da shi ko kuɗin magani. Ajiye shi mako guda ko biyu. Daga nan ka zaɓi kari ɗaya, ka fara da ƙwar biyu (baiti mai ɗango biyu) kafin ka taɓa ƙwar biyar (mai ɗango biyar), ka tara kalmomin amsa-amo kamar ashirin tun kafin baitin farko. Ƙidaya gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi a kowane ɗango, sannan ka rera da ƙarfi. Inda harshenka ya sarƙe, nan karin ya karye, sai ka sauya kalmar, kada ka ja murya don ɓoye ta.

In kuwa wahalar wani za ka waƙe, je ka zauna da shi ka saurara, ka kuma nemi izininsa kafin ka ambaci abin da zai sa a gane shi.